Tsakanin Hasumiya da Falonka: Me Ya Sa Hoton Dijital Ke Yankewa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke gaba, ƴan'uwa masu gyara, da ɗalibai da suka cika bayan zaure, ina yi muku barka da yamma. Na gode da kuka jure zafin nan kuka zo.

Zan fara da abin da ya faru a layinmu. Wani maƙwabcina, dattijo mai son labaran ƙarfe tara, ya aiko jikansa a kira ni. Na tarar ya ajiye dikoda biyu a kan tabarma, ta uku tana jone da talabijin, kuma dukkansu sababbi ne. Hoto ya fito garau, sai fuskar mai karanta labarai ta farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, allo ya yi baƙi. Ya ce mini, "Injiniya, duk jabu suke sayar mini." Na ce, "Baba, a ba ni tsani." Da na hau, sai na ga inda waya ta haɗu da eriya an naɗe da leda, ledar ta tara ruwan damina, jan ƙarfen ciki ya koma kore. Na yanke kamu ɗaya, na sake haɗawa, na naɗe da salatif mai kyau. Dikoda ta farko da ya ce jabu ce, ita ke aiki a gidan har yau. Kuɗin biyun nan da ya kashe sun daɗe suna damuna, domin ba mai hali ba ne.

To, bari mu ɗan koma baya. A 2006 aka yi yarjejeniya a Janeba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, cewa ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya za su bar tsohon tsarin talabijin na analog su koma dijital a zangon UHF, wato zangon siginar da eriyar gida ke kamawa, kafin 17 ga Yuni, 2015. Najeriya ta sa wa kanta 2012, ba a cimma ba. 2015 ta zo ta wuce, 2017 ma haka. An fara gwaji a Jos a ƙarshen Afrilun 2016 da akwatin FreeTV, Abuja ta biyo a Disambar shekarar, Kaduna da Ilorin a ƙarshen 2017, Legas a Afrilun 2021, Kano kuma a Nuwamban 2021. Kafin wannan, StarTimes da GOtv sun riga sun saba wa mutane da dikoda mai eriya. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ce ke kula da aikin, kuma tsarin da aka zaɓa shi ne DVB-T2.

Amma ranar da aka yanke ƙyalle aka ce an ƙaddamar a jiha, abin da aka kunna hasumiyar watsa sigina ce a babban birni. Jiha kuwa faɗi gare ta. Mutumin Rano ko Tudun Wada ya ji a rediyo an ce dijital ya iso Kano, ya shigo Sabon Gari ya sayi akwati, ya koma gida bai ga komai ba. Wa ya gaya masa iyakar inda siginar take kaiwa?

Ku riƙe wannan lissafin, masu gyara musamman. Siginar UHF kusan a miƙe take tafiya kamar haske, duniya kuma a lanƙwashe take. Hasumiya mai tsawon mita 100 tana hangen kusan kilomita 41. Idan eriyarka ta kai mita 10, ka ƙara kusan kilomita 13, ya zama 54. Wannan a fili fetal ke nan, ba dutse, ba bene, ba itace. Kuma masu zana taswirar inda sigina ke kaiwa, yawanci sun ɗauka cewa eriyar gida tana waje, a saman rufi, a tsawon mita 10. Ku faɗa mini tsakani da Allah, gida nawa ne a unguwarku eriyarsu ta kai mita 10? Mafi yawanmu ƴar ƙaramar eriya ce a kan talabijin, cikin ɗaki mai bangon bulo da rufin kwano. Kwano ƙarfe ne, yana mayar da sigina baya. Saboda haka taswira za ta ce kana ciki, falonka kuma ya ce kana waje, kuma duk biyun gaskiya suka faɗa.

Wanda ke zaune a bayan Dala ko Goron Dutse, idan dutsen ya shiga tsakaninsa da hasumiya, yana cikin inuwa ko da tazarar ba ta da yawa. Mutanen Jos sun fi kowa sanin wannan, gari ne da duwatsu suka rarraba. Maganin irin wannan inuwa ba ya hannun mai gida. Ƙananan na'urorin cike giɓi ake kafawa su karɓi sigina su sake watsa ta cikin kwarin, kuma wannan nauyi ne na masu rarraba sigina.

Yanzu ga abin da ya fi ruɗa iyayenmu. A zamanin analog, lokacin da muke kallon NTA da CTV, idan sigina ta yi rauni hoto yakan yi dishi-dishi, wani lokaci mutum ya fito da inuwarsa a gefe, amma dai kana gani, kana ji. A aika yaro ya juya gora, ana yi masa ihu ta taga, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Ido ne ma'auni. Dijital ba haka yake ba. Shi lambobi ake aikowa, tare da ƙarin lambobin gyara kuskure. Muddin kuskuren bai fi ƙarfin gyaran ba, hoto zai fito tas, kamar kana gindin hasumiya. Da zarar ya wuce wannan iyaka, komai ya tafi gaba ɗaya. Kamar mai tafiya a bakin rijiya ne cikin duhu: ƙasa tana nan daram a ƙarƙashin ƙafarsa har taku na ƙarshe. Shi ya sa gidan da ya yi wata shida yana kallo lafiya zai iya rasa hoto rana ɗaya don darbejiyar maƙwabci ta yi ganye, ko an ɗora bene a gaba. Tun farko a bakin rijiyar yake, kyawun hoton ne ya ɓoye masa.

Don haka ku daina duba hoto idan kuna saita eriya. Ku shiga cikin saitin dikoda, akwai layi biyu: ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Na biyun ne abokin aikinku. Ƙarfi ya cika inganci ya faɗi, to akwai hayaniya ko katsalandan. Duka biyun sun faɗi, to nisa ne, ko tsawo, ko waya. Kuma kada ku sauko daga tsani don hoto ya fito. Ku ci gaba da juyawa a hankali har inganci ya kai ƙololuwarsa, domin wannan rarar ita za ta riƙe gidan ranar da yanayi ya canza.

A nan zan yi wa ƴan'uwana masu gyara magana a fili, ku yi haƙuri. Busta, na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba maganin kowace cuta ba ce. Abin da eriya ta kamo shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau. Idan aka sa ta a bayan talabijin, bayan doguwar waya ta riga ta cinye siginar, hayaniya kawai take kumburawa. Wurinta can sama ne kusa da eriya. A gidan da ke kusa da hasumiya kuwa, busta tana iya cika dikoda har ta kasa gane komai, sai ka cire ta hoto ya dawo. Akwai kuma sabon baƙo: zangon 700 da 800 megahaz da talabijin ya saki, an ba kamfanonin waya don 4G. Tsohuwar busta ba ta san an yi wannan rabo ba, har yanzu tana kwaso su. Idan turken waya yana kusa da gidan, ƴar matattara da ke tace wannan zango ita ake buƙata.

Waya ma haka. A nemi mai kauri, mai saƙar ƙarfe sosai a ciki, a gajarta ta iya yadda za a iya. Duk inda aka raba waya ɗaya zuwa ɗaki biyu, kowane ɗaki ƙasa da rabi yake samu. Sandunan eriya kuma, ko a kwance ko a tsaye, dole su dace da yadda hasumiyar garin ke watsawa. Ku dubi rufin gidajen da hotonsu ke da kyau.

Wata ɗaliba ta tambaye ni kafin mu fara ko hazon hunturu ne ke tare sigina. Ƙurar kanta ba ta yi wa UHF wata illa sosai, ruwan sama ma ya fi cutar da masu faranti na tauraron ɗan'adam. Abin da ke faruwa shi ne, a wasu darare da asuba iska takan yi hawa-hawa, mai sanyi a ƙasa mai ɗumi a sama, sai ta lanƙwasa sigina ta kawo ta wata tasha mai nisa da ke kan zango ɗaya da taku, su yi karo. Rana ta ɗaga, abin ya wuce. A irin wannan hali kada a taɓa komai, musamman kada a sake neman tashoshi, domin za a iya goge waɗanda ake da su.

Saura ɓangaren da ya fi ci mini rai. Na yi shekaru a ɗakin injin watsa shirye-shirye, na san daren da wuta ta ɗauke, man janareta ya yi ƙasa, aka rage ƙarfin inji don a kai safe. Mu a ciki mun san abin da muka yi. Na kusa ba su ji komai ba. Amma can a gefen taswira, ƙauyuka sun faɗa duhu, magidanci ya hau rufi da tocila yana juya eriyar da ba ta da laifi, gobe ya biya mai gyara, jibi ya sayi sabuwar dikoda. Ba wanda ya ce masa ga abin da ya faru. Ina roƙon masu rarraba sigina da hukumar da ke sa musu ido su yi abu biyu da ba sa cin kuɗi: a wallafa da Hausa inda kowace hasumiya take da garuruwan da take kaiwa a zahiri, a manna a inda ake sayar da dikoda, sannan duk ranar da aka rage ƙarfi ko aka kashe inji, a sanar a rediyo.

Kafin a yi hakan, idan hotonku ya ɗauke, ku fara leƙa gida biyu ko uku a layi. In kowa ya rasa, ku bar tsani a inda yake. In ku kaɗai ne, ku fara da mahaɗin waya a sama.

Na zo da eriya da guntayen waya iri uku, suna kan teburin can. Bayan sallar la'asar duk mai so ya zo mu yanka mu haɗa tare, in nuna muku wadda ruwa ya ci daga ciki.