Ila Sen: 'yar makarantar da yaƙi ya hana ta zuwa Olamfik

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Idan ka je Bangaladash ka ambaci Ila Mitra, za a ce maka ai jagorar manoma ce. A Kalkata kuwa za a ce 'yar majalisa ce. Ba kowa zai gaya maka cewa kafin duk wannan, sunanta ya fara fitowa ne a shafin wasanni na jarida ba, tana yarinya mai suna Ila Sen.

An haife ta a Kalkata ranar 18 ga Oktoba, 1925, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Mahaifinta, Nagendranath Sen, ma'aikacin gwamnati ne a ofishin lissafin kuɗi na lardin Bengal. Ya sa ta a makarantar Bethune, tsohuwar makarantar 'yan mata da aka kafa tun 1849. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zamanin nan, a gidajen masu mutunci na Bengal, yarinya tana fara tasawa maganar aure ta taso. A ce ta fita fili, gaban maza, tana zura gudu? Mutane da yawa za su ce tarbiyya ta lalace. Ila ta fita. Tsakanin 1935 da 1938 tana cikin zakarun guje-guje da tsalle-tsalle na 'yan mata a Bengal. Akwai wani hotonta da ya shahara: yarinya siririya, ga kofuna jere a gefenta, kai ka ce kanti aka buɗe. Ku lissafa da kanku, shekararta goma ta fara, tana da sha uku ta riga ta yi suna.

Masu rubuta tarihinta sun ce an sa sunanta cikin waɗanda za su wakilci Indiya a gasar Olamfik ta 1940. Birnin Tokiyo aka fara ba wa gasar. A 1938 Japan ta janye saboda yaƙin da take yi da Sin, aka mayar da ita Helsinki a ƙasar Finlan. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka soke ta ɗungurungum. Ta 1944 ma ba a yi ba. Mai gudu kuwa lokacinsa ƙanƙane ne. Daga 1940 sai 1948, shekara takwas babu gasa, ai an gama da shi.

Nan ne nake saɓa wa masu cewa kaico, ta yi asara. Ni dai ban ga alamar ta zauna zaman makoki ba. A 1943 yunwa ta afka wa Bengal, mutane wajen miliyan uku suka mutu, talakawan ƙauye suna kwarara Kalkata suna faɗuwa a bakin titi. Ila tana kwalejin Bethune a lokacin. Ta shiga aikin agaji na mata, daga nan ta shiga jam'iyyar kwaminis. Ta gama digiri a 1944, ta auri Ramendra Mitra, ɗan gidan masu gonaki a yankin da yau ake kira Chapai Nawabganj. Ta koma ƙauye, ta fara koyar da 'yan mata.

Ga yadda noma yake a can. Talaka zai noma gonar mai ƙasa, da guminsa, sau da yawa da shanunsa da irinsa, ranar girbi a raba shinkafa biyu, mai ƙasa ya kwashi rabi yana zaune. A 1946 manoma suka tashi da fafutukar Tebhaga: a kasa amfani uku, biyu na wanda ya noma. Abin mamaki, surukar gidan masu ƙasa ce ta tsaya wa manoma a Nachole, wani ɓangare na yankin, musamman 'yan ƙabilar Santal. Ta zauna cikinsu, ta koyi harshensu, tana bin ƙauyuka a ƙafa. Suka riƙa kiranta Rani Ma, uwa sarauniya.

Da aka raba Indiya a 1947, Nachole ta faɗa Pakistan ta Gabas, wato Bangaladash ta yau. Ranar 5 ga Janairu, 1950, aka yi arangama, manoma suka kashe wasu 'yan sanda. Gwamnati ta turo dakaru, aka ƙone ƙauyuka. Ila ta yi shigar matan Santal don ta tsere, aka kama ta a tashar jirgin ƙasa ta Rohanpur. Abin da aka yi mata a ofishin 'yan sanda, akwai yara a ɗakin nan, ba zan faɗa ba. Ita ta faɗa, dalla-dalla, a gaban kotu, a zamanin da mace kan haɗiye irin wannan har kabarinta. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai.

Ku duba wani abu. A 1952 Helsinki ta samu gasar Olamfik da ta kuɓuce wa birnin a 1940. Wata yarinya 'yar Bengal, Nilima Ghose, mai shekara 17, ta yi tseren mita 100 da na tsallake shinge na mita 80, ita da Mary D'Souza suka zama matan Indiya na farko a fagen gudu na Olamfik. Ba su ci lambar yabo ba, amma sun je. Ila a lokacin tana tsare, jikinta ya lalace har tafiya na gagararta.

A 1954 aka sake ta don ta je jinya Kalkata, ba ta koma zama a Pakistan ba. Ta murmure a hankali, ta yi digiri na biyu a adabin Bengali, ta koyar a kwaleji. Daga 1962 mutanen mazaɓar Maniktala suka zaɓe ta majalisar jihar Bengal ta Yamma har sau huɗu. A 1971 ta yi aikin tallafa wa yaƙin 'yancin Bangaladash, ƙasar da aka azabtar da ita a cikinta. Ta rasu a Kalkata ranar 13 ga Oktoba, 2002, saura kwana biyar ta cika 77.

Shugaban taro ya ɗaga mini hannu, lokaci ya yi. Mai tambaya ya matso kusa da lasifika.