Fafaroman da ya yi wata biyar ya ajiye mulki

A watan Afrilun 1292 Fafaroma Nicholas na Huɗu ya rasu a birnin Rum. Manyan limaman da ake kira kadinal, waɗanda alhakin zaɓen magaji ke wuyansu, su 12 ne kacal a lokacin, amma suka kasa haɗa baki. Gidaje biyu ne ke juya birnin, gidan Colonna da gidan Orsini, kowanne ya ja daga, ya ce ɗan wancan gida ba zai hau ba. Aka shekara, aka shekara biyu, har ɗaya daga cikinsu ya mutu ana cikin ja-in-ja.

Can cikin duwatsun Abruzzo, kusa da garin Sulmona, akwai wani tsoho mai suna Pietro, ɗan manoma, wanda ya kai shekara tamanin ko kusa da haka. Yawancin rayuwarsa a halwa ya yi ta cikin duwatsun yankin, har da dutsen Morrone, yana azumi yana addu'a, har ya tara mabiya masu zuhudu irin nasa. Wannan tsoho ya aike da wasiƙa yana gargaɗin cewa fushin Allah na nan tafe idan aka ci gaba da barin coci ba shugaba. Babban cikin masu zaɓe, Latino Malabranca, ya kawo maganar a zamansu na garin Perugia, sannan ya ce shi dai mai wasiƙar ya zaɓa. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi. Ranar 5 ga Yuli, 1294, aka zaɓi mutumin da ko mafarkin kujerar bai taɓa yi ba.

To me ya sa suka yarda? Gajiya na ciki, kunya ma na ciki. Amma akwai lissafi: tsoho ne tukuf, ba ya gidan kowa, ba zai daɗe ba, kuma kowane ɓangare na ganin zai iya juya shi.

Wanda ya riga su kama shi kuwa Sarki Charles na Biyu ne na Naples. Ku dubi yadda aka shiga garin L'Aquila domin naɗi: sabon Fafaroma bisa jaki, sarki da ɗansa suna riƙe da igiyar jakin. Jama'a suka ga tawali'u, amma wanda ya san mulki ya san wa ke ja. Ranar 29 ga Agusta aka naɗa shi a cocin Santa Maria di Collemaggio, ya ɗauki sunan Celestine na Biyar.

Bai taka Rum ba a duk mulkinsa. Sarki ya tafi da shi Naples ya sauke shi a fadar Castel Nuovo, inda tsohon ya sa aka kafa masa ɗan ɗakin katako a ciki, don ya riƙa keɓewa kamar yadda ya saba a dutse. Aiki kuwa ya dagule. Duk wanda ya roƙi muƙami sai ya ba shi, har akan ba mutum biyu ko uku muƙami ɗaya. Ya naɗa sababbin kadinal 12, bakwai daga cikinsu Faransawa, abin da ya yi wa sarki daɗi. Mutumin kirki ne, amma bai san dokar coci ba, bai kuma iya cewa a'a ba.

Shi da kansa ya gane haka. Sai ya tambayi Kadinal Benedetto Caetani, gwani a shari'ar coci, ko ya halatta Fafaroma ya yi murabus. Caetani ya ce ya halatta. Celestine ya fitar da doka mai tabbatar da hakan, sannan ranar 13 ga Disamba, 1294, ya karanta takardar murabus a gaban kadinal-kadinal, ya tuɓe kayan mulki ya mai da tufafinsa na da. A ganina wannan ce shawara ɗaya da ya yanke wadda babu mai juya shi a kanta.

Ranar 24 ga watan aka zaɓi magaji, kuma ba kowa ba ne illa Caetani ɗin nan, da sunan Boniface na Takwas. Nan fa tsegumi ya tashi. Maƙiyansa har cewa suka yi ya riƙa yi wa tsohon magana da dare ta cikin bututu, wai muryar mala'ika ce ke umartarsa ya sauka. Ƙage ne na 'yan adawa, amma ya nuna irin haɗarin da Boniface yake ciki: muddin tsohon yana yawo a sake, wasu za su ce har yanzu shi ne Fafaroma na gaskiya.

Pietro ya gudu, ya yi ƙoƙarin tsallake teku zuwa Girka, aka kama shi a gaɓar Vieste. Aka tsare shi a wani matsattsen ɗaki a ganuwar Fumone, a nan ya rasu ranar 19 ga Mayu, 1296.

Ko bayan mutuwarsa siyasa ba ta ƙyale shi ba. Sarki Philip na Huɗu na Faransa, babban maƙiyin Boniface, ya matsa lamba a ayyana tsohon a matsayin waliyyi, don a nuna wa duniya cewa Boniface ya zalunci bawan Allah. A 1313 Fafaroma Clement na Biyar ya amince, amma da sunansa na halwa, Pietro na Morrone, ba da sunan Celestine ba. Da haka coci ta nuna cewa murabus ɗin ya inganta, zaɓen Boniface ma halal ne, Philip kuwa rabin abin da ya nema ya samu.