Yadda ake koya wa malamin kwaleji ya rage magana a aji

Malaman kwaleji da jami'a da yawa ba a taɓa koya musu koyarwa ba. Sun ƙware a fanninsu, aka miƙa musu aji, sai suka yi yadda aka yi musu: malami na gaban allo yana ta zuba bayani, ɗalibai na kwafa.

A 2014, Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi. A ajin lacca zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne suka faɗi. Inda aka sa su tattaunawa da warware matsala da kansu, kusan kashi 22. Irin wannan tazara na cikin abin da ya sa wasu makarantu suka tashi tsaye wajen horar da malamansu.

To, me ake koya musu? Abu na farko, shiru. Mary Budd Rowe, wata mai bincike kan koyarwa a Amurka, ta gano cewa malami kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya, sai ya amsa da kansa ko ya nuna wani. Idan ya haƙura daƙiƙa uku zuwa sama, amsoshi sukan yi tsawo, waɗanda ba sa ɗaga hannu ma sukan buɗe baki. Ku gwada a gaban mutum hamsin da suka zuba muku ido, za ku ji nauyin daƙiƙa ukun nan.

Sai dabarar Eric Mazur, malamin fiziks a jami'ar Harvard. Yakan jefa tambaya mai zaɓin amsa, kowa ya zaɓa shi kaɗai. Daga nan ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, ya shawo kansa. Aji ya kaure da gardama na 'yan mintuna, sannan a sake zaɓe. Sau da yawa wanda bai daɗe da ganewa ba ya fi malami iya bayani, domin bai manta inda ya makale ba.

Horon kansa kuwa, idan lacca ce ta awa uku kan illar lacca, an yi aikin banza. Mai kyau shi ne a sa malami ya koyar da takwarorinsa na minti goma, a ɗauke shi bidiyo, ya zauna ya kalli kansa, ya gyara, ya sake.

Ana kuma gargaɗinsa cewa ɗalibai za su yi ƙorafi. Wani bincike a Harvard a 2019 ya nuna ɗalibai suna jin sun fi ƙaruwa a lacca mai daɗin sauraro, alhali a jarrabawa sun fi samun maki a darasin da aka sa su tattaunawa da warware matsala da kansu. Shi ya sa ake son malami ya bayyana musu dalilin sabon salon tun makon farko.