Wane Ɓangaren Mota Ne Ke Komawa Baya Tana Cikin Gudu?

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ma ina tare da Malam Bala, malamin fiziks, da Oga Sani makanike. Malam, ka ce ka zo mana da kacici-kacici.

MALAM BALA: Ƙulun ƙulufit!

OGA SANI: Ƙulufit!

MALAM BALA: Mota ce a kan kwalta, tana zuba gudun kilomita 100 a awa. Wane ɓangarenta ne yake tsaye cik, wane ne yake gudun 200, kuma wane ne yake komawa baya?

OGA SANI: Haba Malam! Mota ai jiki ɗaya ce. In gabanta yana gudun 100, bayanta ma 100 yake yi, in ba rabuwa biyu ta yi ba.

MALAM BALA: Oga, duƙa ka dubi ƙafarta.

HADIZA: Ni dai na ba ka gari, Malam. Je ka Katsina.

MALAM BALA: Na karɓa. Taya tana yin motsi iri biyu lokaci guda: tana tafiya gaba tare da motar, tana kuma juyawa. Tayar ƙaramar mota kewayenta kusan mita 2 ne, to a gudun 100 takan juya kamar sau 14 a daƙiƙa. A wajen direba, saman taya gaba yake yi da gudun 100, ƙasanta kuma baya yake yi da gudun 100. Amma mai tsaye a bakin titi dole ya haɗa da gudun motar kanta. A sama, 100 a tara da 100, ya zama 200. A ƙasa, 100 na gaba ya ci 100 na baya, saura sifili.

OGA SANI: Wato inda taya ta taɓa kwalta ba ya motsi?

MALAM BALA: A wannan ƙiftawar idon, ko kaɗan.

OGA SANI: Tsaya, tsaya. Wallahi wannan na yarda, don ina ganinsa kullum. In mota ta bi ta kan rairayi a ƙofar gareji, sawunta yakan fito raɗau, har zanen tayar za ka iya ƙirgawa. Da ƙasan yana ja, ai da ya shafe. Ranar da direba ya danne birki taya ta ƙulle kuwa, baƙin layi kawai za ka gani.

MALAM BALA: Madalla, Oga. Ka kawo hujjar da ta fi tawa. Taya ɗora ƙafa take yi ta ɗauke, kamar mai tafiya a ƙasa. Kuma wannan ba wasan lissafi ba ne kawai, rai ne. Tayar da ke birgima ta fi wadda ke ja riƙon titi, kuma da ita ce sitiyari yake jin magana. Shi ya sa aka ƙirƙiro birkin ABS, mai kamawa yana saki don kada taya ta ƙulle.

HADIZA: Ni abin da na tuna shi ne hoton babur yana gudu. Wayoyin ƙafarsa na sama sukan dushe, na ƙasa kuma su fito sosai.

MALAM BALA: Dalilin ke nan, in mai ɗaukar hoton yana tsaye bai bi babur ɗin da kyamara ba. Bari in ƙara miki. A ce tsakuwa ta maƙale a zanen taya. Hanyar da take bi ba da'ira ba ce, tsalle-tsalle ne kamar na kwaɗo, baka bayan baka. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya yi nazarin wannan siffa, sannan a 1658 Christopher Wren na Ingila ya gano cewa tsawon kowane baka ɗaya ya ninka faɗin tayar sau huɗu daidai. Ita kuwa mota a juyi ɗaya faɗin taya sau uku da ɗan ɗori take ci. Ke nan in mota ta yi kilomita 100, tsakuwar ta yi kusan 127.

HADIZA: Ikon Allah! To saura mai komawa baya.

MALAM BALA: A jirgin ƙasa amsar a fili take. Ƙafarsa tana da leɓe da ya sauka ƙasa da saman dogo don kada ta zame. Wannan leɓen ya fi inda ke taɓa dogo nisa daga tsakiya, don haka juyawarsa ta fi gudun jirgin, kuma in ya zo ƙasa baya yake yi. Amma tayar mota ba ta da leɓe. Oga, nan filinka ne.

OGA SANI: Bari in yi tunani... A cikin inji ne! Babban faifan ƙarfen nan da kuloci yake mannewa a jikinsa. Faɗinsa kamar santimita 30.

MALAM BALA: To lissafa mana. Kewayensa ya kusa mita ɗaya.

OGA SANI: In allurar da ke nuna juyin inji tana kan 3,000 a minti, juyi 50 ke nan a daƙiƙa.

MALAM BALA: Mita 47 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 170 a awa. Mota na gaba da 100, gefe ɗaya na faifan na baya da 170. Mai tsaye a titi, da zai iya hango cikin injin, zai ga wannan gefen yana komawa baya da gudun 70.

OGA SANI: Amma Malam, ba kowace mota ba. Sai mai injin da aka kwantar a gicciye, irin Corolla da Golf masu jan gaba. Wadda injinta ya miƙe daga gaba zuwa baya, kamar Hilux, faifanta hagu da dama da sama da ƙasa yake yi, ba ya fuskantar baya.

MALAM BALA: Gaskiyarka, wannan sharaɗin dole ne a faɗe shi.

HADIZA: Oga, gobe in na zo gareji za ka nuna mini faifan nan?

OGA SANI: Akwai injin da muka sauke jiya, yana nan a buɗe. Ki zo da safe kafin mu mayar da shi.