Amsoshin Tambayoyinku: Bayan an binne ta, wa ke komawa ya duba inda aka yi sake?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako kusan duk magana ɗaya suka ɗauko, bari mu shiga kai tsaye.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Mabera da ke nan Sakkwato, ta ce a sakaya sunanta. Ta ce maƙwabciyarta ta rasu a hannun mijinta, bayan ta yi yaji har sau uku ana mayar da ita ɗakinta. Mijin yana tsare. Ta tambaya: "In an hukunta shi, shi ke nan magana ta ƙare? Waɗanda suka riƙa mayar da ita fa?"

Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, abin da kotu ke nema shi ne wa ya kashe, da me, kuma da niyya ko babu. Ba aikinta ba ne ta bi sawun shekarun da suka gabaci ranar. Shi ya sa wasu ƙasashe suka ƙirƙiro zama na biyu. A Ingila da Wales an yi dokarsa a 2004, aka fara aiki da shi a watan Afrilun 2011. Idan mutum ya mutu a hannun abokin zamansa na aure ko na soyayya, ko wani ɗan gidansu, sai a naɗa shugaba wanda ba ya ƙarƙashin kowace hukuma da lamarin ya shafa. 'Yan sanda su kawo takardunsu, asibiti ya kawo nasa, hukumar gundumar ta kawo nata, a gayyaci dangin mamaciyar. Sai a jera komai bisa kwanan wata: ran da ta kira 'yan sanda, ran da ta je asibiti da karaya, abin da aka ce mata, abin da aka rubuta. Ba a ɗaure kowa a wannan zama. Ana neman inda aka yi sake ne don a toshe. Lardin Ontario na Kanada ya riga su, tun 2003 yake da irin wannan kwamiti.

Da aka tara rahotanni da yawa, sai aka ga alamomin suna maimaita kansu: mace na shirin rabuwa da shi, kishi mai tsanani da sa ido kan wayarta da fitarta, barazanar kisa, sai kuma shaƙe wuya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya nuna cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Irin wannan ilimi ya taimaka wajen sauya dokokin Ingila: a 2015 aka mayar da danniya da takura wa abokin zama laifi ko da ba a ɗaga hannu ba, a 2022 shaƙe wuya ya zama laifi mai zaman kansa. Kisan Clare Wood a 2009, wadda tsohon saurayinta ya kashe ba tare da ta san yana da tarihin cin zarafin mata ba, shi ya haifar da tsarin da tun 2014 ke ba mace damar tambayar 'yan sanda tarihin wanda take tare da shi.

Mu a nan, labarin yana nan, a warwatse yake a kawunan mutane. Mai kemis ya san sau nawa matar ta zo sayen man zafi tana cewa santsi ya kwashe ta a banɗaki. Mai unguwa ya san zaman sulhu nawa aka yi a zaurensa. Uwa ta san daren da ta shigo ba takalmi. Ɗan sanda a kanta ya ce maganar gida ce, a je a sasanta. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya haɗa nasa da na wani. Ta rasu da safe, kafin la'asar an kai ta makwancinta, likita bai gani ba. Gaggauta jana'iza sunna ce, ban ja da wannan ba. Amma mai wankan gawa da ta ga shatin yatsu a wuya fa? An koya mata rufa asirin mamaci, kuma daidai ne, sai dai a ganina rufa aibin mamaci daban, ɓoye shaidar kisa daban. Ina roƙon malamanmu su fito su yi wa jama'a wannan bayani.

Wasiƙa ta biyu wani malamin makaranta ne daga Gwadabawa, yana cewa wannan duk tsarin Turawa ne, mu da ke da shari'a me ya kai mu?

Malam, ai shari'ar ce ta fi ba mu hujja. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. A mazhabar Malikiyya alƙali na iya raba aure saboda cutarwa, har ma ana karɓar shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta. Ke nan fiƙihunmu ya daɗe da sanin cewa maƙwabta sun sani. Matsalar ba ta wata nahiya ba ce: alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 sun ce mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu ko danginsu, 21,700 daga ciki a Afirka, fiye da kowace nahiya. Dokar tarayya ta hana cin zarafi, wato VAPP, ta fito a 2015, Jihar Sakkwato ta yi tata a 2021 zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Dubi kuma shari'ar mawaƙiya Osinachi Nwachukwu, wadda ta rasu a Abuja a 2022, aka yanke wa mijinta hukuncin kisa a 2025. Sai bayan rasuwarta 'yan uwa da ƙawaye suka fito suna ba da labarin dukan shekaru. Abin da zan so in gani a jiharmu ƙaramin abu ne: duk macen da ta mutu a haka, alƙali, likita, 'yan sanda, wakilin masarauta da ma'aikatar mata su zauna su rubuta abin da kowa ya sani, da yaushe ya sani.

Ta ƙarshe daga wata ƙanwarmu ce a Runjin Sambo. Ta ce mijin yayarta ya shaƙe ta har ta suma, iyaye sun ce ta yi haƙuri.

Ƙanwata, wannan ya wuce haƙuri. Ku kai ta asibiti ko da ba a ga rauni a fili ba, ku karɓi takardar likita, ku ɗauki hoto, ku rubuta kwanan wata. Ku samu wani babba a dangi da mahaifinku ke jin maganarsa, ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko kotu. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na nan Sakkwato ma tana karɓar waɗanda aka ci zarafinsu. In za ta bar gidan, kada ta sanar da shi tana ita kaɗai, kada kuma ta koma kwasar kayanta ba tare da maza daga danginku ba, domin lokacin rabuwa ne haɗarin ya fi yawa.

Lokaci ya cimma mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.