Minti Uku Ba Ya Isar Mawaƙi: laccar da aka gabatar a Bauchi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo: yadda ake yin waƙa, yadda ake ɗaukarta, da masu tara faifai.

Bari in fara da ɗauka, don nan zuciyata take. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti ɗaya, fuskarsa ɗaya minti uku take ɗauka da 'yan kai. Minti uku! Ku da kuka taɓa tsayawa a dandali ana kiɗan kalangu, ku gaya mini, a minti uku me aka yi? Sanƙira ma bai gama kirari ba. (Dariya.)

Wani tsohon makaɗi a nan Bauchi, Allah ya jiƙansa, ya ba ni labarin ranar da aka kai su ɗauka. Ɗaki a rufe, makirfo guda ɗaya. Aka tura masu kalangu jikin bango don kada kiɗa ya danne murya, 'yan amshi a tsakiya, mai gida a gaba. In wani ya yi tari, a koma farko. Amma ya ce ba wannan ne ya dame su ba. Babu fuskar da za a kalla. Ku riƙe wannan, babu fuska. Mawaƙinmu a fuskar jama'a yake samun baiti. Wane ya shigo, a saka sunansa da na ubansa da garinsu. Ya yi kari, a ƙara masa. Ya maƙe hannu, a yi masa zambo. To a rufaffen ɗaki wa za ka wasa? Ga kuma mai ɗauka ya ɗaga hannu, wai saura kaɗan. Minti uku fa!

Shi ya sa da yawansu ba su ɗauki faifai a matsayin waƙar ba. Waƙa tana can wurin biki, faifai ɗanɗano ne. Ku dubi Dakta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. An san shi da tsara baiti nan take, sai ka sami waƙa ɗaya a kaset biyu, amshi ɗaya, amma mutanen ciki daban. Wace ce ta asali? Duka ne, wallahi duka ne.

Sauƙi ya zo daga baya. Dogon faifai ya fito a Amurka a 1948, yana ɗaukar wajen minti 20 a kowace fuska. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, mai minti 60, mai minti 90. Sai mutum ya ajiye rikoda gaban mawaƙi a wurin biki, a ɗauki komai, har guɗa da kukan yaro. Amma kaset ɗin ne ya buɗe ƙofar kwafa a kasuwa. Wasu tsofaffin ba su damu ba, tunda yaɗuwar kaset ke jawo gayyata. Yaron da ya biya kuɗin situdiyo yau kuwa ba zai yarda da wannan ba, kuma yana da gaskiya.

Na biyu... a'a, na uku ke nan ko? Masu tarawa. Kada a jibge faifai a kwance, a jera shi tsaye. Zafin bazara yana lanƙwasa dogon faifai, na garmaho kuma in ya faɗi ya fashe. Kaset, damina ke sa masa fumfuna. Na'am? Ɗiyata, ga makirfo.

(Wata ɗaliba: Malam, ai duk waƙoƙin nan suna cikin waya. Me ya sa za a wahala da faifai?)

Allah ya yi miki albarka. Wa ya saka su a wayar? Wani ne ya adana kaset shekara da shekaru. Kuma duba abin da ke wayarki: babu shekara, babu gari, wani lokaci ma an laƙaba wa wani mawaƙin waƙar da ba tasa ba. 'Yan amshi da makaɗa kuwa ko sunansu babu. Wannan yana ci mini rai, don su suka ɗauki rabin aikin. Ki je wurin kakarki ki kunna mata, ki tambaye ta wa ake wasawa, bikin wa aka yi, sannan ki rubuta. Masu sanin amsar suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, daga nan har Azare da Misau.

Batun yin waƙa sai wani zaman, an kira magariba. Mai tsohon faifai a gida ya same mu bayan salla, ya kawo har da kwalinsa, don rubutun jiki muke so. Kuma don Allah kada a goge faifan garmaho da sifirit, cinye shi yake yi.