Sharhi: Dukiyar manomi da sauyin damina

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi aljihun manomin karkara, yanzu da damina ta daina zuwa yadda iyayenmu suka san ta.

A shekarar 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja a jihar Jigawa. Ba ruwan sama kaɗai ya jawo ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta canza, ciyawar kacala ta toshe magudanai, ruwa ya rasa hanya sai ya faɗa gonakin shinkafa. Can arewa, wajen Maigatari da Ɓaɓura, hamada ce ke matsowa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda dukiyar manomi take zaune. Gero a rumbu, awaki a turke, gona a fadama, duk a wuri guda. Ruwa ya zo cikin dare ya kwashe su baki ɗaya. Wanda amfaninsa ya tsira kuma, bashi ya sa shi sayarwa da kaka da araha, 'yan kasuwa su kai kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano su ajiye, da marka ya koma yana auno hatsin nan da tsada.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su san kuɗi ba. Matan da suka yi shekara da shekaru suna zubin adashi sun san amana, sun san lissafi. A kan wannan za a ɗora. Kowace ƙungiyar adashi ta ware kaso na ko-ta-kwana, a sa shi a asusun banki, inda ruwa da gobara ba sa kai wa. Mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita: bankin Jaiz yana aiki tun 2012, ga kuma takaful, wato inshorar Musulunci. Hukumar inshorar noma, NAIC, tana nan tun 1987, amma manomi nawa aka zauna da shi a ƙofar gidansa aka bayyana masa abin da zai biya da abin da za a biya shi? A kuma gaya wa jama'a ƙarara: lambar sirrin kati ba a ba mai POS, rancen gwamnati kuma ba kyauta ba ne.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Idan malaman gona na JARDA da KNARDA, hukumomin raya noma na Jigawa da Kano, suka kai shi ƙauye da Hausa kafin shuka, manomi zai san ko iri mai saurin nuna zai saya, da kuma nawa zai riƙe a hannu.

Lokacin wannan koyarwa shi ne kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu. A yi ta ranar kasuwa, da boko da ajami, a kuma tura malamai mata su shiga gidaje.